Motsin Rai a Gaban Abin Tuni: Nazarin Tsoro, Bege da Fushi a Wurin Yaran da ke Da'awar Tuna Rayuwar Baya

Tsakure

Wannan maƙala ta dubi ɓangare ɗaya na rahotannin yaran da ke da'awar sun taɓa rayuwa kafin haihuwarsu, wato yadda ransu ke motsuwa idan suka ci karo da abin da ke tuna musu da rayuwar da suke iƙirari. An ɗauko misalai daga Siri Lanka, Indiya, Bama, Labanan da Amurka, an kasa su gwargwadon nau'in motsin ran, sannan aka auna su da abin da ilimin halayyar ɗan Adam ya gano game da tsoron yara da amincin tuni. Matsayar maƙalar ita ce motsin ran abu ne da ke faruwa da gaske, amma ƙarfinsa ba ya tabbatar da asalin abin da aka tuna. Abin da ke ba rahoto nauyi shi ne lokacin da aka rubuta shi.

1.0 Gabatarwa

Tun daga farkon shekarun 1960 ake tattara rahotannin yara ƙanana, akasarinsu masu shekara 2 zuwa 4, da ke cewa suna da wasu iyaye, wani gida da wani suna kafin a haife su. Sashen binciken da likitan ƙwaƙwalwa Ian Stevenson ya kafa a Jami'ar Birjiniya ta Amurka a 1967 ya tara irin waɗannan rahotanni kimanin 2,500. Muhawarar da aka daɗe ana yi a kansu ta fi karkata ga maganganun yaran: sunaye nawa suka faɗa daidai, wa ya ji su, ta wace hanya labarin zai iya isa kunnensu. Sai dai wanda ya karanta rahotannin a tsanake zai lura cewa abin da ya fi gamsar da iyaye shi ne halin da suke ganin yaron a ciki. Yaro yana iya haddace suna. Amma idan ya sandare don ya hango wani mutum a kasuwa, ko ya kwana yana kukan a mayar da shi wurin matarsa, iyaye kan ce wannan ya wuce koyarwa.

Manufar maƙalar ita ce amsa tambayoyi uku. Waɗanne irin motsin rai ne rahotannin suka ƙunsa? Mene ne ke tayar da su? Wane nauyi ya kamata a ba su a matsayin hujja?

Ba a shiga hukuncin aƙida a nan ba. Musulunci da Kiristanci ba su yarda da tanasuhi ba, wato dawowar rai cikin wani jiki bayan mutuwa. Malaman Musulunci irin su al-Biruni da al-Shahrastani sun bayyana wannan aƙida a littattafansu a matsayin ta wasu al'ummu, musamman mutanen Indiya. Abin da ke gaban maƙalar shi ne halayyar da aka ruwaito da kuma ingancin ruwayar.

Za a yi amfani da kalmomi uku da ma'ana ta musamman. Abin tuni shi ne duk wani wuri, mutum, sauti ko kaya da ke tayar da motsin ran. Mamacin da'awa shi ne mutumin da ya rasu wanda yaron ko danginsa suka ce rayuwarsa ake tunawa. Kafaffen tsoro shi ne tsoron da ya maƙale wa abu ɗaya, ya wuce girman haɗarinsa, kuma rarrashi ba ya kawar da shi.

2.0 Waiwaye kan ayyukan da suka gabata

Stevenson ya fara da bitar tsofaffin rahotanni 44 a 1960, ya tafi Indiya da Siri Lanka a 1961, sannan ya buga littafinsa mai ɗauke da misalai 20 a 1966. Ya raba abin da yaran ke tunawa da baki da abin da suke nunawa a aikace. A 1990 ya fitar da nazari kan tsoro: cikin yara 387, an sami kafaffen tsoro a wurin 141, wato kashi 36 cikin 100, kuma kusan a kowane hali tsoron ya dace da yadda aka ce mamacin ya mutu. A 2000 ya duba wasannin yara 278, ya sami 66 da wasansu ya saɓa wa abin da ake yi a gidansu, ya kuma dace da sana'a ko mutuwar mamacin. A shekarar ne kuma Jim Tucker, wanda ya ci gaba da aikin, ya auna rahotanni 799 da wani ma'aunin ƙarfin rahoto da ya tsara, ya ce rahotannin da suka fi ƙarfi su ne waɗanda yaran suka fi nuna motsin rai a cikinsu.

Erlendur Haraldsson na Jami'ar Ayislan ya bi wata hanya. Maimakon bin sahun mamaci, sai ya gwada yaran da kansu. A bincikensa na 2003 ya kwatanta yara 30 'yan ƙabilar Duruz ta Labanan masu wannan da'awa da wasu 30 marasa ita. Masu da'awar sun fi yawan mafarkin ido biyu, neman kulawa da shagaltar hankali, amma ba su fi takwarorinsu saurin karɓar abin da aka cusa musu ba. Kashi 80 cikin 100 daga cikinsu mutuwar tashin hankali suke bayarwa, kuma Haraldsson ya ga alamun da suka yi kama da larurar bayan firgici a tare da su.

Masu suka ma ba su yi shiru ba. Paul Edwards a 1996 da Leonard Angel a 1994 sun soki hanyar binciken, kuma cikin abin da ake suka akwai yadda ake karɓar shaida ta bakin tafinta, shekaru bayan aukuwar abu, daga mutanen da tuni sun yi imani da shi. Akwai kuma reshen da ya shafi manya, waɗanda ake sa wa barcin da mai magani ke jagoranta domin su "koma" rayuwar baya. Labarin Bridey Murphy da aka buga a Amurka a 1956 shi ne ya shahara a wannan fanni, kafin 'yan jarida su gano cewa matar da aka sa barcin ta tashi a Chicago kusa da wata maƙwabciya mai wannan suna. Nicholas Spanos da abokan aikinsa sun nuna a 1991 cewa abin da ake gaya wa mutum kafin a sa shi barcin shi ke tsara irin rayuwar da zai "tuna". Stevenson da kansa bai aminta da wannan hanya ba, don haka maƙalar ta tsaya ga yaran da suka yi magana ba tare da an sa su ba.

Giɓin da ke cikin waɗannan ayyuka shi ne masu goyon baya suna ƙirga motsin rai a matsayin ƙarin hujja, masu suka kuma suna wuce shi zuwa ga kura-kuran sunaye da kwanan wata. Kaɗan ne suka tsaya suka tambayi abin da hawaye zai iya tabbatarwa.

3.0 Hanyar nazari

Nazarin na bitar rubuce-rubuce ne, ba a yi sabon aikin fili ba. An zaɓi rahotanni shida da aka buga cikakku, waɗanda motsin rai ke da babban gurbi a cikinsu. An yi wa kowanne tambayoyi huɗu: mene ne abin tunin, me yaron ya yi, yaushe halayyar ta fara idan aka kwatanta da lokacin da ya fara magana da lokacin da iyalan yaron da na mamacin suka haɗu, kuma yaushe aka fara rubuta ta. An sakaya sunayen yaran da na mamatan, an bar garuruwa da shekaru domin mai son bin diddigi.

4.0 Nau'o'in motsin rai

4.1 Kafaffen tsoro

Wannan shi ne nau'in da ya fi yawa, kuma shi ya fi cancantar a daɗe a kansa. An haifi wata yarinya a Siri Lanka a 1962. Iyayenta sun ce tun tana jaririya ba a iya yi mata wanka sai mutum uku sun riƙe ta, kuma tun tana 'yar wata shida take firgita idan ta ga bas. Da ta fara magana sai ta ba da labarin wata 'yar makaranta a wani ƙauye na kusa, wadda ta fita sayen burodi lokacin ambaliya, ta kauce wa bas a kan hanyar da ruwa ya shanye, ta faɗa gonar shinkafa ta nutse. An kuwa sami yarinya 'yar shekara 11 da ta mutu haka a 1961. Abin da ya sa wannan rahoto ya yi fice shi ne haɗuwar tsoro biyu da ba su da dangantaka da juna, ruwa da bas, cikin mutuwa ɗaya, da kuma cewa tsoron ya riga magana. Rauninsa kuma shi ne bayanin tsoron jaririyar ya fito ne daga bakin iyaye bayan sun riga sun san labarin nutsewar.

A Kanauj da ke jihar Uttar Pradesh ta Indiya, an kashe wani yaro ɗan shekara 6 a watan Janairun 1951, aka yanka shi da aska. An zargi mutum biyu, wanzami da wanki, amma aka sake su saboda rashin shaida. Bayan kimanin wata shida aka haifi wani yaro a garin mai tabo a wuya. An ruwaito cewa yana rawar jiki idan ya hango ɗaya daga cikin mutanen da aka zarga, yana kuma tsoron wanzamai da masu wanki gaba ɗaya. Nan abin tunin mutum ne mai rai, wanda duk unguwa ta san abin da ake faɗa a kansa. Yaron da ya tashi a irin wannan gari zai iya ganin yadda mata ke jan 'ya'yansu ciki idan mutumin ya gifta, tun kafin ya fahimci dalili.

A arewacin Bama, wata yarinya da aka haifa a 1953 takan durƙushe tana kuka idan jirgin sama ya wuce. Ta ce ita sojan Japan ce mai dafa abinci, wanda jirgi ya yi wa ruwan harsasai a ƙauyen lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. Ba a taɓa gano wani soja da ya dace da bayaninta ba. Kuma duk babban da ke ƙauyen a lokacin ƙuruciyarta ya san ƙarar jirgin yaƙi da abin da ke biyo bayanta.

4.2 Bege da kewa

Idan tsoro yana korar yaro daga abin tuni, bege jan sa yake yi zuwa gare shi. A Bengal ta Yamma an haifi wata yarinya a 1954 wadda tun tana shekara ɗaya da rabi take rungumar guntun katako ko matashin kai tana kiransa da sunan wata yarinya, tana cewa 'yarta ce. Daga baya aka danganta ta da wata mata ta garin Bhatpara da ta rasu a 1948 ta bar jaririya mai wannan suna. Da aka haɗa su a 1959, 'yar shekara 5 ta zubar da hawaye a kan yarinyar da ta girme ta nesa ba kusa ba, ta kuma sunkuyar da kai a gaban mijin marigayiyar kamar yadda matar aure Bahindiya ke yi.

Irin wannan haɗuwa ita ce ke tabbatar wa iyalai da da'awar, kuma ita ce mafi wuyar aunawa. Ana yin ta ne a tsakar gida cike da 'yan kallo, gaban mutanen da ke makoki, kowa ya zuba wa yaro ido yana jiran ya gane wani. Kallo ɗaya daga wata tsohuwa ya isa ya nuna masa inda zai nufa.

4.3 Fushi

An ruwaito yara a Indiya, Tailan, Turkiyya da Labanan da ke cewa za su rama idan sun girma, wasu har suna ambaton wanda suke zargi. Wannan nau'i bai kai na sama yawa ba, amma shi ne mai haɗari ga wasu, domin yana iya ɗora wa mutum laifin kisa a idon jama'a bisa maganar ɗan shekara 3.

4.4 Mafarki da wasa

Wani yaro da aka haifa a Amurka a 1998 ya fara mugun mafarkin faɗuwar jirgi yana ɗan shekara 2, yana kuma maimaita wasan jirgi yana rafka shi a kan tebur. Daga baya aka danganta shi da wani matuƙin jirgin yaƙi na jirgin ruwan Natoma Bay da aka harbo a watan Maris na 1945. Tucker ya kwatanta wasan da wanda yaran da suka tsira daga bala'i ke yi, irin wanda Lenore Terr ta bayyana a wurin yaran da aka sace cikin motar makaranta a Chowchilla a 1976. Abin lura shi ne an kai yaron gidan ajiye tsofaffin jiragen yaƙi kusa da Dallas yana ɗan wata 22, kafin mafarkin ya fara. Mai goyon baya zai ce ziyarar ta farkar da tunin da ke kwance. Mai suka, kamar Michael Sudduth a 2021, zai ce daga nan kayan labarin suka fito. Jerin abubuwan da suka faru bai isa ya raba gardamar ba, kuma wannan matsala ce ta duk nazarin abin tuni: abin da ake kira matuni yana iya zama shi ne tushen.

5.0 Auna hujja

5.1 Tsoron da ba a san mafarinsa ba

Hujjar Stevenson ta tsaya ne a kan cewa iyaye ba su san wani abin da ya sami yaron da zai haifar da tsoron ba. Sai dai haka abin yake a wurin yara da yawa da ba su taɓa yin wata da'awa ba. A 1993 Ross Menzies da Christopher Clarke sun tambayi iyayen yara 50 masu kafaffen tsoron ruwa a Ostireliya. Kashi 56 cikin 100 sun ce tsoron yana nan tun ranar farko da yaron ya haɗu da ruwa, kuma yaro ɗaya tak ne aka iya danganta tsoronsa da wani abin da ya same shi kai tsaye. Tun 1977 Stanley Rachman ya nuna cewa tsoro yana shiga ta ganin wani yana tsoro da ta jin labari, ba sai mutum ya ɗanɗana ba. Andy Field da Joanne Lawson sun gwada haka a 2003: sun gaya wa yara 'yan firamare a Ingila munanan labarai game da wasu dabbobin Ostireliya da ba su taɓa gani ba, sai yaran suka riƙa jan jiki wajen sa hannu cikin akwatin da aka ce dabbar na ciki.

Don haka akwai hanya ta biyu ta karanta dacewar tsoro da mutuwa. Yana yiwuwa tsoron ne ya fara zuwa, labarin ya biyo baya domin ya bayyana shi. A al'ummar da ta yarda da dawowar rai, uwar da jaririnta ke ƙin wanka tana da tambaya a shirye, ko ruwa ne ya ci shi a baya. Yaron da ya tashi yana jin wannan tambaya ya sami zaren da zai saƙa labari da shi.

Rahoton wani yaro Baduruze da aka haifa a Kornayel ta Labanan a 1958 ya nuna yadda wannan ke aiki. Yana tsananin tsoron manyan motoci, yana kuma yawan maganar haɗarin mota. Iyalinsa suka haɗa maganganunsa suka yanke cewa shi ne wani mutumin Khriby da babbar mota ta take. Stevenson ya rubuta bayanan a 1964 kafin a je garin, abin da ba kasafai ake samu ba. Da aka je, sai ta bayyana cewa sauran bayanan ba su dace da wannan mutum ba, aka koma kan wani ɗan'uwansa wanda tarin fuka ya kashe a 1949. Stevenson ya bayyana tsoron da cewa mutumin na biyu ya taɓa yin haɗarin bas, kuma mutuwar ɗan'uwansa ta girgiza shi. Ko da an karɓi wannan bayani, darasin hanyar bincike ya fito fili. Tsoro ɗaya ya dace da mamata biyu masu mutuwa daban, kuma da an sami na uku da wuya a rasa inda za a rataya shi.

5.2 Ƙarfin ji da gaskiyar abin da aka tuna

A 2004 Richard McNally da abokan aikinsa a Jami'ar Harvard sun yi gwajin da ya shafi wannan batu kai tsaye, ko da yake ba a kan rayuwar baya ba. Sun ɗauki mutum 10 da suka yi imani cewa wasu halittu daga sararin samaniya sun taɓa sace su, suka naɗi labarin kowa a faifai, suka kunna masa ana auna bugun zuciya, gumin fata da ɗaurewar tsokar goshi. Jikinsu ya amsa kamar yadda jikin masu larurar bayan firgici ke amsawa idan aka tuna musu da abin da ya same su. Ba ƙarya suke yi ba, domin mutum ba ya umartar fatarsa ta yi gumi. Abin da gwajin ya nuna shi ne jiki yana amsa abin da mutum ya yi imani ya faru.

Jennifer Talarico da David Rubin sun iso wuri ɗaya ta wata hanya. Washegarin harin 11 ga Satumba 2001 sun sa ɗalibai 54 na Jami'ar Duke su rubuta yadda suka ji labarin, da kuma wani abu na yau da kullum da ya faru a kwanakin. Da aka sake tambayarsu bayan makonni, tunin biyu sun zaizaye daidai da juna, amma ɗaliban sun ci gaba da tabbatar wa kansu cewa tunin harin bai canza ba. Wannan ya shafi iyaye fiye da yara. Uwar da ke ba mai bincike labarin ranar da ɗanta ya sandare a kasuwa tana iya kasancewa mai gaskiya da cikakken yaƙini, alhali shekaru biyar na maimaitawa sun gyara labarin.

A nan ne ya kamata a sake duba sakamakon Tucker na 2000. Tafiyar ƙarfin rahoto tare da yawan motsin rai tana iya nufin tuni mai ƙarfi yana zuwa da ji mai ƙarfi. Tana kuma iya nufin yaron da ya fi kuka shi ne iyaye suka fi saurara, suka fi yi wa tambaya, suka fi ɗauka zuwa garin mamaci, har rahotonsa ya yi kauri. Alƙaluman ba su zaɓi ɗaya ba.

Adalci ya wajabta a faɗi inda bayanin ilimin halayya ya gaza. Sakamakon Haraldsson bai nuna cewa yaran masu saurin karɓar cusi ba ne, kuma a Siri Lanka ya same su sun fi takwarorinsu ƙoƙari a makaranta. Antonia Mills ta nazarci rahotanni 26 a arewacin Indiya da suka shafi Musulmi, inda aƙidar gida ba ta goyon bayan da'awar. Akwai kuma iyayen da ke yaƙar maganar da ƙarfi. Cewa al'ada ce kaɗai ke haifar da abin bai rufe waɗannan ba.

5.3 Wanda ke ɗauke da motsin ran

Al'ada tana tsara wanda ake sa ran ya ji abin. A wurin Duruz ana jiran yaro ya yi abin da suke kira nuɗƙi, wato ya furta, kuma furucin kan ƙulla zumunci tsakanin gidaje biyu. A arewacin Indiya da yawa suna ganin yaron da ke tuna rayuwar baya ba ya daɗewa a duniya, shi ya sa ake ɗora shi a kan faifan maginin tukwane a juya shi ta hagu har jiri ya kwashe shi, ko a sa masa abu mai ɗaci a baki. Mahaifin yaron Kanauj dukansa ya riƙa yi don ya yi shiru. Duk wanda ke auna firgicin irin wannan yaro dole ya tambaya nawa ne daga abin da yake tunawa, nawa ne daga abin da ake yi masa idan ya faɗa.

A Afirka ta Yamma hoton ya juya. Stevenson ya nazarci rahotanni 57 a ƙasar Ibo ya buga a 1986, kuma a can manya ne kan gane wanda ya dawo, ta tabo ko ta duba, galibi cikin dangi ɗaya. A aƙidar ogbanje ta Ibo, abiku ta Yarbawa da ɗan wabi na Hausawa, inda ake raɗa wa yaro suna irin su Ajuji don a nuna kamar ba a damu da shi ba, wadda abin tuni ke girgizawa ita ce uwar da ta binne 'ya'ya, kuma sabon jaririn ne abin tunin. Binciken Esther Nzewi na 2001 ya sami cutar sikila a jikin 70 daga cikin yara 100 da aka kira ogbanje. Wannan misali ne na yadda baƙin ciki na gaskiya ke samun bayani daga al'ada alhali sababinsa yana cikin jini.

6.0 Abin da bincike na gaba ke bukata

Yawancin yaran kan daina maganar tsakanin shekara 6 zuwa 8, tsoron ma kan ragu, ko da yake wani lokaci yakan daɗe bayan labarin ya gushe. Ke nan lokacin da za a iya ganin abin da ido gajere ne, kuma masu bincike kan iso bayan ya wuce. Da Sybo Schouten da Stevenson suka kwatanta rahotannin Indiya da Siri Lanka a 1998, guda 21 ne suke da bayanin da aka rubuta kafin iyalai su haɗu, a kan 82 da aka rubuta daga baya. Ko a cikin 21 ɗin, maganganu aka fi rubutawa, halayya kuwa daga tunin iyaye aka ɗauko ta.

Maƙalar tana ba da shawarar sharuɗɗa uku kafin a ƙirga motsin rai cikin hujja. Na farko, a sami shaidar halayyar da ta riga sanin mamacin da'awa, kamar katin asibiti, wasiƙa ko bidiyon waya mai kwanan wata. Wayar hannu ta sa wannan ya yiwu a ƙauyukan da a zamanin Stevenson ba a ajiye komai a rubuce. Na biyu, idan za a gwada yaro da abin tuni, a cakuɗa shi da wasu abubuwa makamantansa, wanda ke nunawa kuma kada ya san wanne ne na gaskiya, sannan a dakatar da gwajin da zarar yaron ya shiga damuwa. Yaron da ke firgita da ruwa yana bukatar irin kulawar da ake ba kowane yaro mai kafaffen tsoro, wato a saba masa da abin a hankali, ko mene ne iyayensa suka yi imani da shi. Na uku, a ƙirga yaran ƙauye ɗaya, masu shekaru ɗaya, da ke tsoron ruwa ko mota ko jirgi ba tare da wata da'awa ba, a yi wa iyayensu tambayoyin da aka yi wa na masu da'awa, da lafazi ɗaya. Sai an sami wannan adadi za a san ko kashi 36 cikin 100 na Stevenson ya zarce abin da ake samu a kowace unguwa, da kuma nisan da ya zarce shi.